Keke Kawai

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya a tsakiyar titin birnin Katsina ina koya wa malamin makaranta karatu ba. Ni fa, da ko firamare da ƙyar da jiɓin goshi na gama. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cikin aiki, sai in tsaya in dafe kai in ce, "Kai, Allah ya shirye ni," masu jiran kaya su yi ta kallona suna zaton allura ce ta soke ni.

Ni tela ne, mutumin wani ƙauye kusa da Runka a ƙasar Safana. A hannun Baba Isiya na koyi sana'ar, wani dattijo mutumin Zakka wanda duk yankinmu in ana maganar yankan babbar riga shi ake fara kira. Tun ina tsintar ƙyalle a rumfarsa yana dungure mini kai, har ranar da ya miƙo mini almakashi ya ce in yanka shaddar mutane, in na ɓata in shiga uku. Shi ya je nema mini aure. Haihuwata ce kawai bai yi ba.

Shekarar da kwana a gida ya gagare mu saboda mutanen daji, kowa ya kama gabansa. Ni da matata Saude da yara muka yo Katsina, yayanta ya ba mu ɗaki ɗaya a gidansa can bakin gari. Keken ɗinkina na jingine shi a kusurwa, kafin wani lokaci ya zama wurin kife tukwane. A ƙauye kowa ya san ƙofar gidan tela, ko ba ka nan a bar wa matarka yadi. A birni kuwa in ba a gan ka zaune kan keke ba, to ba ka nan. Rumfa kuma sai kana da wanda ya san wani. Kullum sai in yi wanka, in rataya abin awo a wuya kamar mai zuwa aiki, in tafi bencin mai shayi in zauna har rana ta take.

Baba Isiya shi Batsari ya tsaya, gidan ɗiyarsa Hajara. Duk ranar da na samu na mota nakan je gaishe shi, kuma duk zuwa sai na dawo da ɓacin rai. Mutumin da in yana rumfa kasuwa ba ta sakat saboda surutu da tsiya, ya koma zama a zaure yana kallon bango. Ka gaishe shi ya ce, "Lahiya lau," shi ke nan an rufe shafi. Kekensa na gefe an lulluɓe shi da tsohon zane. Batsari na da telolinta, samari masu keken inji, babu mai neman tsoho baƙo. Hajara ta taɓa raɗa mini cewa ko tuwo ba ya cinye malmala ɗaya. Wallahi wannan ya fi zamana banza ci mini rai.

To, wata safiya ina bencin mai shayi, sai wani direban Napep ya zauna kusa da ni yana ta ƙorafi.

"An matse mana hanya," in ji shi. "Sabuwar mararrabar can da aka gyara, an ware wa masu keke wurinsu, an shafe shi da koren fenti. Wai duk wanda ya sa taya ciki kama shi za a yi."

Na ajiye kofi. "Malam, masu keke ka ce an ware wa wuri?"

"Su mana."

"Kowane irin keke?"

"Ban da irin namu. Kai, duk mai inji ma ban da shi. Na ƙafa kawai, wanda ake takawa."

"Kuma sai an san wani kafin a shiga?"

"Sanin wa? Kowa ya zo da kekensa ya shiga abinsa."

(Mai karatu, don girman Allah ka yi mini adalci a nan. Na tambaya ko ban tambaya ba? Mu teloli keke iri uku muka sani: na hannu, na ƙafa, da mai inji. Mu ma hawa keke muke, mu ma taka shi muke. Shi kuwa mai taya biyu da ake tafiya a kai, a rumfar Baba Isiya ban taɓa jin an ce masa keke ba. Basukur yake ce masa, irin na mutanen da, mu ma muka tashi da hakan a baki.)

Ga shi kuma a kwanakin rediyo ba ta da zance sai na za a tallafa wa masu ƙananan sana'o'in da suka baro garuruwansu. Sai na ɗauko wancan na haɗa da wannan, na ɗinke su tsaf ba tare da ko gwaji ba. Shayin ma ban ƙarasa ba na kama hanya.

Da na isa, sai da na yi kabbara. Hanyoyi huɗu sun haɗu, ga danja sabuwa fil, ga fararen layuka an ja su sun miƙe sambal. A gefen kowane titi an shimfiɗa koren fenti dogo, an yi masa iyaka da farin layi mai kauri. A gaba kuma, dab da inda motoci ke tsayawa jiran danja, koren ya buɗe ya zama fili mai faɗi kamar tabarmar masallaci. Motoci duk suna tsayawa bayansa, babu mai taka shi. A tsakiyarsa an rubuta da manyan fararen baƙaƙe: KEKE KAWAI.

Na zare abin awo daga wuya na durƙusa na auna. Faɗin dogon layin ya ɗauki keke da kujera har da wurin tsayawar mai kawo ɗinki. Na ce, kai, wanda ya tsara wannan abu ya zauna da tela. Na duba gabas, na duba yamma, ban ga tela ko ɗaya ba. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa hamdala na yi, na ce mutanen birni barci gare su, ga arziki a ƙasa sai baƙo ne zai fara tsinta. Ina nan durƙushe wani ya zo a kan basukur ya bi ta cikin koren ya wuce. Na bi shi da harara na yi tsaki, na ce tun ba a fara ba ga shi sun soma ɓata mana wuri.

Da na koma gida na zayyana wa Saude. Tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu.

"A kan kwalta?"

"Koriyar kwalta. Ba irin wadda kika sani ba."

"Baban Amira, ka tabbata?"

"Ke ba ki san birni ba," na ce mata. (A mota ɗaya muka shigo birnin nan, rana ɗaya, ita ce ma a gaba.)

Ta ce, "To, Allah ya sa a dace," da irin muryar nan da mata ke yi in sun riga sun hango ƙarshen abu.

Da ni kaɗai na je na sha kunyata, da sauƙi. Amma ina, ai alheri ba a ci shi kaɗai. Washegari na hau mota sai Batsari. Na tarar da Baba a zaure inda na bar shi. Na durƙusa, muka gaisa, na tambayi jiki, na tambayi kwanan iyali, yana ta ba ni lahiya lau ɗinsa. Sannan na matso na ce, "Baba, an tuna da masu keke."

"Mi ka ce?"

Na ba shi labari tun daga bencin mai shayi har awon da na yi. Na ce wuri ne a idon jama'a, duk motar da ta tsaya sai ta gan mu. Na ce masu inji ma an hana su, mu na ƙafa kawai ake so. Wannan ta ƙarshen ita ta shige shi. Ya ɗago ya dube ni sosai, abin da ya daɗe bai yi ba.

"An hana masu inji?"

"An hana su, Baba."

"Ashe har yanzu akwai masu hankali a ƙasar nan."

Ya dafa bango ya miƙe, ya yaye zanen da ke kan keken, ƙura ta tashi. Ya juya ƙafar keken da hannu yana saurare, sannan ya ɗaga murya, "Hajara! Ina kwalbar man nan tawa?" Hajara ta fito da gudu, don rabon da ta ji ya ƙwala mata kira haka har ta manta. Ta ba shi man, ta yafito ni da hannu zuwa bayan ƙofa.

"Yaya, don Allah in ka san babu tabbas kada ka tashe shi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Keken nan shi kaɗai ya fito da shi daga Zakka. In wani abu ya same shi, ko ya je ya dawo a banza, wallahi in ya sake zama a zauren nan ba zai ƙara tashi ba."

Na bugi ƙirji. Na ce, "Hajara, da idona na karanta."

Muka hau a-kori-kura cikin buhunan dankali. Baba ya kwance kan keken daga teburinsa ya rungume shi a cinya, ya hana kowa taɓawa. Tun daga Batsari har Katsina bakinsa bai rufe ba. Ya yi wa direba tsiya kan tuƙi, ya yi wa wani fasinja tsiya kan wuyan rigarsa da ya ce da gani makaho ya yanka. Ina gefe ina ta murmushi, ina jin kaina wani babban mutum.

Washegari da aka sallame asuba muka samu mai kura ya turo mana kekunan biyu. Na ce ba za mu tsaya a dogon layin gefe ba, wannan na 'yan baya ne in sun farka. Mu da muka riga kowa, fili mai faɗin nan na gaban motoci za mu kama. Muka kafa keke biyu kafaɗa da kafaɗa a kan rubutun. Na rataya wani kaftani na gwaji a jikin ƙarfen danja. Baba ya gyara hula, ya sa tabaransa mai ɗaurin zare, ya jera almakashi da alli da zarurruka, ya yi bisimilla ya zauna.

Gari ya fara wayewa, titi ya fara cika. Masu basukur suka riƙa zuwa suna kaɗa mana ƙararrawa, ƙirrin ƙirrin, suna kewaye mu. Na ce wa Baba, "Ka ga mutanen birni da fara'a," ina ɗaga musu hannu. Motoci in sun tsaya sai ka ga an sauke gilashi an ɗago waya ana ɗaukarmu. Na gyara zama, na ce talla ce kyauta. Wata hajiya ta leƙo daga mota tana ɗaga murya tana nuna gefen titi, ƙarar injuna ta hana ni ji, na ce mata, "Yawwa Hajiya, mun gode, sai kin kawo!"

Abin da ya ƙara ɗaure ni kuwa, ciniki ya zo. Wani lebura mai zuwa wurin gini ya tsallako da wando a hannu, ya yage a gwiwa. Bai tambayi komai ba, shi dai ya ga tela. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya ɗora ƙafa. Da na ji sautin keken nan ya tashi, irin tafiyar nan tasa mai natsuwa da na tashi ina ji tun ina yaro, sai da na kau da kai na share ido. Na ce a raina, ko yanzu aka tashi duniya na yi abin kirki guda.

Hantsi ya ɗaga kaɗan, sai ga shi.

Wani mutum ne mai ɗan furfura, cikin farin kaftani an goge shi ƙal, ya ɗaure littattafai a bayan basukur ɗinsa. Ya biyo dogon koren layin nan hankalinsa kwance, danja ta ba da hannu, wata tifa ta taso ta gefensa. Inda ya kamata ya wuce, mu ne zaune. Ya kama burki, ya nemi ratsawa tsakanin teburina da bakin titi, aljihun kaftanin ya maƙale a kusurwar tebur. Kyaaat! Tun daga aljihu har ƙasa. Ya tafi ya zube, basukur ta bi shi, zarurrukana suka watse suna gangarawa ƙarƙashin motoci.

Allah ya tsare, bai ji ciwo ba sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Abin da ya kamace ni shi ne in ɗaga shi in ce sannu. To, ba haka na yi ba. Tun safe ina haɗiye haushin masu basukur ɗin nan da ke ratsa mana shago, sai duk ya taso lokaci guda. Na miƙe, abin awo na lilo a wuya, na ja kujerata gefe don rubutun ya fito sarai, na nuna ƙasa da almakashi.

"Haba Malam! Da girmanka da littattafanka? Ba ka iya karatu ba ne? Me aka rubuta a nan? Karanta mini! Ke-ke ka-wai!"

Har da rarraba masa shi gaɓa-gaɓa, jama'a, yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya.

Mutane sun riga sun taru. Mutumin yana zaune a ƙasa ya dubi rubutun, ya dube ni, ya dubi kekunan ɗinki biyu. Sannan ya nuna abin hawansa da ke kwance taya na juyawa, ya ce cikin sanyin murya, "To Malam tela, wannan kuma jaki ne?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa. Sai na ji muryar direban Napep a kunnena, na ƙafa kawai, wanda ake takawa. Na dubi feda biyun da ke jikin abin mutumin. A bayana na ji Baba ya sauke ƙafa daga kan keke, ya ce a hankali, "Ɗan nan. Basukur suke nufi."

Dariyar da ta fashe a mararrabar nan, ina jin har Safana an ji ta. Wani mai babur sai da ya kafe mashin ɗinsa ya sauka don ya yi ta da kyau. Danja ta ba da hannu babu wanda ya motsa. Ni kuwa ina tsaye da almakashi, ina roƙon Allah ya sa kwaltar ta tsage in shige.

Kamar wannan bai isa ba, sai ga wata buɗaɗɗiyar mota ta tsaya, masu fenti suka diro da bokitai, tare da wani jami'in kula da hanya mai riga mai ƙyalli. Ashe aikin ba a gama shi ba. Ɗayansu ya sauko da wani faffaɗan faranti na ƙarfe da aka huda, ya jingina shi a jikin mota yana jiran mu ba shi wuri. Ko ba a shafa fenti ba kowa na ganin siffar da aka huda: taya biyu, sirdi, da kan tuƙi. Da sun zo da farantin nan kwana biyu kafin ranar, da yau ba ni da labarin ba ku.

Jami'in bai yi dariya ba. Ya dubi cunkoson da muka haɗa, ya dubi mutumin da ya faɗi, ya ce, "Kun san da tifar nan ta taka shi, rai za a yi asara? Ku ɗora kekunan nan a mota. A ofis za a yi magana."

Nan dariya ta ɗauke mini daga kunne, kunyar ma ta tafi, tsoro ya maye gurbinta. Maganar Hajara ta dawo mini. Na juya na ga Baba ya ɗora tafukansa biyu a kan keken, fuskar nan ta zauren Batsari ta dawo. Na zube a gaban jami'in a kan koren fentin.

"Ranka ya daɗe, laifina ne ni kaɗai. Tsohon nan ni na ɗauko shi daga Batsari, ni na ce masa na karanta. Ku ɗauki nawa, ku haɗa da ni ma in kuna so. Don Allah ku bar masa nasa."

"Doka ba ta san naka da nasa ba," in ji shi. Masu fenti biyu suka nufi keken Baba.

Sai mutumin da na gama yi wa rashin kunya ya miƙe, ya kaɗe jikinsa, ya riƙo yagaggen kaftaninsa da hannu biyu ya shiga tsakani.

"Yallaɓai, dakata. Ni aka kayar, ko? To ni malamin makaranta ne, yara na can suna jirana. In ka tafi da kekunan nan, haka zan shiga aji? Wanda ya yaga ai shi zai ɗinke. A matsar da su gefe su gyara mini rigata tukuna, sannan ka yi hukuncinka."

Jami'in ya ce a yi maza. Masu fentin da suka zo ɗaukar keken su suka taya mu ɗauke shi zuwa gindin wata katanga. Malamin, Malam Nuhu sunansa, ya tuɓe kaftanin ya tsaya daga shi sai 'yar shara. Na miƙa hannu zan karɓa, ya kauce ya ce, "A'a, kai ka tsaya a fannin karatu. Baba zai ɗinka."

Baba ya karɓi rigar. Ya shimfiɗa ta, ya bi yagewar da yatsa, ya zaɓo farin zare ya gwada a hasken rana, ya canza wani. Malam Nuhu ya dubi agogo ya ce, "Baba, a taimaka a yi sauri, ana jirana."

Baba ya ɗago ta saman tabarau. "In sauri kake so, ga allura nan ka yi da kanka. Wa ya ɗinka maka wannan aljihun tun farko? Ai ko ba mu, iska ma sai ta cire shi."

Jami'in da ke tsaye fuska a ɗaure sai ga shi ya tuntsire. Ya matso ya tambayi Baba daga ina. Baba ya ce Zakka, bai ko ɗago ba. Jami'in ya ce kakarsa mutuniyar wajen Babban Duhu ce, yanzu tana gidansa, kullum tana zaune bakin ƙofa tana tambaya yaushe za a mai da ta. Ya tsaya har Baba ya gama, aka ɗaga rigar ana neman inda ta yage ana rasawa. Sannan ya nuna ni da yatsa.

"Kai. In na sake ganin ko zarenka a kan koren nan, da kai da keken zan ɗaure."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko koriyar atamfa aka kawo mini sai na yi tunani kafin in taɓa."

Malam Nuhu ya sa rigarsa, ya ɗaga basukur ɗinsa ya miƙar da kan. Na bi shi ina ba shi haƙuri, baki na harɗewa. Ya ce in bar shi haka, ya daɗe bai ga wanda ya riƙe karatunsa da ƙarfi irina ba. Sai ya tambaye ni dalilin da ya sa muka zo titi, na gaya masa gaskiya. Ya ce a jikin katangar makarantarsu daga waje akwai bishiyar bedi, kuma babu ranar Allah da yara ba sa yaga kayan makaranta. Zai yi wa shugaban makaranta da mai unguwa magana, mu biyo shi in an tashi.

Ya cika alkawari. A gindin bedin nan muke har yau, ni da Baba, kuma aiki ya wuce gyaran wandon yara, iyayensu ma sun gano mu. Bidiyonmu kuwa ya riga mu isa ko'ina. Kafin azahar Hajara ta kira tana kuka tana dariya, ban san wanne ya fi yawa ba. Saude kuwa da na shiga gida ta kawo mini ruwa ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan birni." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yanzu kullum ta mararrabar nake wucewa, a ƙafa, ta inda aka ware wa masu ƙafa. Nakan ga 'yan makaranta da masu kai burodi sun jeru a kan koren sun tsaya gaban motoci, direbobi na ganinsu sarai, danja ta ba da hannu su wuce lafiya. Sai in ce Allah ya saka wa wanda ya yi tunanin nan, ya kuma yafe wa wanda ya taɓa kafa shago a kai.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne yammacin ranar. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, na kasa haɗa ido da Baba. Daga ƙarshe na sauko daga benci na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Na ɗauko ka da girmanka na kai ka tsakiyar titi an yi maka dariya."

Ya daɗe yana goge tabaransa da bakin riga.

"Dariya kam an yi," ya ce. "Kuma kai wawa ne, wannan tun kana tsintar ƙyalle na sani. Amma ka ji abin da malamin nan ya ce mini? Ya ce in yi sauri, ana jira." Ya mai da tabaran ido. "Tun da na baro gida, ɗan nan, babu wanda ya jira ni in gama wani abu. Sai yau."

Ya juya ya leƙa cikin gida ya ce a gaya wa Saude in akwai sauran tuwo a ƙaro masa.

Darasi dai na ɗauka: duk wurin da ka ga an ce kowa ya zo kuma ka tarar babu kowa, kada ka yi hamdala tukuna, koma ka sake tambaya. Yanzu ko hanyar masallaci aka nuna mini sai na ce wane masallacin. Sai dai wani lokaci nakan ɗago in ga Baba yana yi wa wani uban yara tsiya kan tsawon wando, in tuna cewa da na yi tambaya ɗaya tak a kan waɗanda na yi, da ban je Batsari ba. Sai in gode wa Allah da ya ba ni hankali, in ƙara gode masa da bai ba ni shi ba sai da hantsi ya yi.